Inda Allura Ta Cinye

Ni ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa wanda ke kusa, "Kira min wancan." In ni kaɗai ne a wurin sai ta yi gyaran murya, ta dubi bango, ta faɗa wa bangon abin da take so. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba, haka ta taso ta ga ana yi. Mahaifina ma har ya koma ga Allah "shi" ne kawai a bakinta, ko "mai gidan nan" in da baƙi. Ana yaye ni aka kai ni Lajawa wurin kakata, can na yi wayo, ban dawo Wudil da zama ba sai da na shiga sakandare. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a ga wautata ta yi yawa a abin da zai biyo baya.

'Yan shekarun baya kunnen Inna ya fara nauyi. Na hagu ya riga ya rufe, na dama ne ke ɗan taɓukawa. Likitan da muka gani a Kano bai ɓoye mana ba, ya ce abin na shekaru ne, gaba zai yi ba baya ba. A hanyarmu ta dawowa, da muka hau gada, ta yi ta kallon masu kwale-kwale ta tagar mota. Washegari da hantsi sai ga matata ta shigo da wani abu naɗe cikin tsohon ɗankwali.

"Inna ta ce a ba ka. Wai tana son ta ji shi tun kunnen bai gama tafiya ba."

Faifan garmaho ne, ɗan ƙarami baƙi, takardar tsakiyarsa ta koɗe har ba a gane rubutun. Mahaifina falken shanu ne. Yakan sayi dabbobi a kara, kasuwar shanu, ran Juma'a ya bi su Kudu, wani lokacin sai wata ya mutu wani ya tsaya bai dawo ba. A irin wannan tafiya ce ya zo da garmaho mai batir da faya-fayai. Ni ban riski abin yana waƙa ba. Lokacin da na dawo daga Lajawa kaset ya riga ya kore shi, kaza ce ke ƙwai a cikin murfinsa. Sauran faya-fayan kuma sun koma aikin da sunansu ya ce, an rufe ƙwaryar fura da su har suka lanƙwashe. Wannan ɗaya ne ya tsira, a ƙasan akwatin Inna, tare da turare da zannuwan da ba ta ɗaurawa.

Ina aiki a ɗakin karatu na jami'a, kuma a can akwai wani abokin aikina da muke kira Injiniya, mutumin Filato, Kirista, mai kula da kwamfutoci. Hausarsa irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji ce, kowa "ya zo" ne a wurinsa, har matarsa. Na san yana tara tsofaffin faya-fayan waƙoƙin coci na zamanin iyayensa yana juye su a kwamfuta. Na kai masa nawa ranar Asabar, na rungume shi a ƙirji a bayan babur saboda ya gargaɗe ni kada rana ta taɓa shi.

Na ɗauka zai ɗora ne kawai mu ji. Sai na ga ya ɗauko kwano da ruwan batir, wato tataccen ruwan nan da ba gishiri ko ƙasa a cikinsa, ya ɗiga sabulu kaɗan, ya kama wanke faifan da burushi mai laushi. Yana bin layukan a zagaye, ba ya ƙetare su, yana kaffa-kaffa da takardar tsakiya kada ta jiƙe. Ruwan da ya fito kamar an wanke ƙafar manomi. Ya jingina faifan a wurin shanya kwanuka ya ce mu jira.

"Har yaushe?"

"Sai ya bushe, Malam. Rabin ƙaran da kake ji a faifai datti ne. Wanda ruwa zai iya cirewa, kar ka ba kwamfuta."

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kowa ya sani a gidanmu. Na sha shayi, na duba waya, na leƙa faifan ya fi a ƙirga. Da ya bushe kuma sai ya ce ba zai yi aiki da janareta ba, domin gurnaninsa yana bin waya ya shiga cikin waƙa. Ya jona kayansa a batirin sola, ya ɗaura wata 'yar siririyar waya daga garmahonsa zuwa bayan na'ura, gunjin da nake ji a lasifika ya ɗauke ɗif. Sannan ya jawo makirfo, ya gyara zama kamar mai karanta labarai, ya ce wannan faifai na Malam wane ne ɗan Wudil, ya ambaci sunana cikakke.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Haka nake yi wa kowane. Kowane faifai da mai shi, kar gobe su cakuɗe."

Ya sauke allura. Abin da ya fara fitowa shuuu ne da ƙas-ƙas, kamar ana suyar kifi a bakin gada. Can ƙasa sai kukuma ta taso, ƙwarya na amsa mata, sannan muryar wani mawaƙi da ban san ko wane ne ba, siririya mai daɗi. Waƙar fataken shanu ce. Yana bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya yana gai da manyan fatakensu. Ban taɓa tunanin abin da ke kwance a ƙasan akwatin Inna yana da rai haka ba. Amma da aka ɗan wuce tsakiya sai ƙara ta turnuƙe, kamar ruwan sama a kan kwano, ta danne mawaƙin gaba ɗaya na tsawon numfashi biyu ko uku, sannan ta lafa waƙa ta ci gaba.

Injiniya ya ɗaga faifan a hasken taga, ya sa gilashin ƙara girma. Ya nuna min wani zobe da ya yi fari-fari a cikin baƙin.

"Nan ba datti ba ne. Allura ne ya cinye wurin."

Na ce yara ne, ba mamaki, ai gidanmu bai taɓa rabuwa da yara ba.

Ya ajiye wannan ɗauka ta farko a gefe, ya ce ita ce ɗanya, ba a taɓa ta ko da wasa. A kan kwafinta ya fara aiki. Ya nuna min yadda ake ba manhajar gyaran sauti ɗan gefen faifai na farko, inda allura ke tafiya waƙa ba ta fara ba, ta haddace irin shuuu ɗin, sannan ta bi waƙar tana rage shi. Ƙas-ƙas kuwa a allo suke fitowa kamar ƙayoyi, tsaye a kan zanen sautin. Ƙananan manhaja ke tsincewa, manyan da hannu yake bin su ɗaya-ɗaya. Ya ce abin kamar gishiri ne a miya, kaɗan ake sawa a ɗanɗana.

Ni kuwa na ce a ƙara. Tsohuwa ce, kunnenta ɗaya, shi ma rabi, me za ta yi da ƙara? A ba ta fes. Ya ƙara, na ce a daɗa, har muryar mawaƙin ta fara fitowa kamar daga cikin randa, sannan na yarda aka ɗan koma baya. Da muka zo wurin da allura ta cinye, duk dabarar da ya yi ba ta fitar da komai ba. Na lura kiɗan yana maimaita kansa ne, na ce to a yanke wurin a haɗe baki da baki, wa zai sani? Ya ce shi ba ya son yanka. Na ce faifan nawa ne, ai shi da bakinsa ya faɗa a makirfo. Ya yi dariya ya yanke, ya haɗe shi yadda ko ni da nake zaune a wurin ban gane gaɓar ba. Na dawo gida ina jin kaina.

Na sa waƙar a memori, na sa memorin a 'yar rediyo. Bayan la'asar Inna na kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, na durƙusa na gaishe ta, na miƙa wa matata rediyon ta miƙa mata. Ta manna ta a kunnen dama. Muryar Injiniya ta wuce, kukuma ta taso, sai na ga yatsunta suna taɓa gwiwarta a hankali. Ban taɓa ganin Inna ta bi kiɗa ba. Da aka wuce tsakiya yatsun suka tsaya. Ta saurara har ƙarshe, ta sauke rediyon, ta dubi bango.

"Ba shi."

"Shi ne, Inna. Faifan da kika bayar ne, wanke shi kawai aka yi."

"Waƙar ce," in ji ta. "Amma ba shi."

Na ɗauka sautin take nufi, wai bai yi kama da wanda ta saba ji ba. Na koma wurin Injiniya muka mayar da ɗan shuuu ɗin, muka ƙara wa ƙwarya nauyi. Ta saurara, ta ce ba shi. Na sayo abin sawa a kunne, ta sa, ta cire, ta ce ba shi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce wa matata tsofaffi ba a iya musu, ka kawo musu abu mai kyau su ce na da ya fi. Ta ce in tambayi Inna mana me take nufi. Na tambaya. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce a duba mata ko an ba akuya dusa. A tsakanin nan kunnen yana ta tafiya. Masallacin unguwarmu katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ta kai sai an taɓa ta an ce an kira salla. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, don na ga lokaci yana ƙurewa ban ba ta abu ɗaya da ta taɓa roƙo a wurina ba.

Wata Juma'a Gwaggo ta zo daga Indabo, ƙanwar mahaifina, abokiyar wasan Inna tun suna 'yan mata. Ita kaɗai ce ke iya faɗa wa Inna duk abin da ta ga dama. Tun daga zaure take magana.

"Salamu alaikum, masu gida. Ina amaryar Yaya? An tsufa ana ta kwalliya."

Suka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya mutanen Indabo, ya masu jiki, ya ƙafar nan taki, kowace tambaya sai Gwaggo ta maimaita da ƙarfi a kunnen dama. Da aka kawo fura ta hango rediyon a gefen tabarma. Matata ta ce ai waƙar tsohon faifan Inna ce aka juye. Gwaggo ta tafa hannu ta ce a sa mata. Ta yi ta rausaya kai tana bin garuruwan da baki, ba ta manta ko ɗaya ba. Da aka zo gaɓar sai ta buɗe baki za ta amsa, waƙar ta tsallake ta bar ta da baki buɗe.

"A'a. Ina Yaya?"

Na ce wane Yaya.

"Ubanka mana. Nan ne mawaƙin ke zuwa Wudil ya kira sunansa. Ina kuka kai shi?"

Ba shi. Tun ranar farko Inna ta faɗa min gaskiya iyakar yadda bakinta zai iya, ni ne na ɗauka faifai take nufi. Na yi wa Gwaggo bayani cewa wurin ya lalace, allura ta cinye shi, yara sun yi wasa da shi. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Yara? Ga yarinyar nan zaune." Ta nuna Inna da ludayi. "In Yaya ya tafi Kudu, da an gama aikin rana sai ta aike ni sayen batir. Ta turo ƙofa, ta lulluɓe garmahon da bargo kada surukarta ta ji, ta cusa kai ciki. Ba ta jin waƙar daga farko, ina ruwanta da fataken wasu garuruwa? Ta san wurin da ido. Ta ɗora allura, a faɗi sunan, ta ɗaga ta mayar. A faɗa, ta mayar. Ni ina bakin ƙofa ina gadi, ladana ƙuli-ƙuli."

Ban san iya abin da Inna ta ji daga maganar ba, amma ta ga ludayin, ta ga dariyar. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Bakinki dai bai tsufa ba," in ji ta.

Na tashi na shiga ɗaki. Tausayinta ya kama ni, da kunya, da wani abu mai kama da farin ciki. Duk rayuwata na ɗauka zaman iyayena zaman haƙuri ne irin na mutanen da, shi yana fatauci, ita tana girki. Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. Ashe ƙarar nan da na sa aka yanke, sawun hannunta ne.

Da na ba Injiniya labari bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya buɗe ɗanyar ɗaukar muka saurari wurin, ba abin da ke fita sai ruwan sama. Ya ce akwai dabara ɗaya da ta rage. Tsohuwar allura wuri ɗaya take ci a cikin tsagar faifai, can ƙasa. In aka sami allura mai ɗan kauri, ba za ta nutse har can ba, za ta hau sama-sama inda bangon tsagar bai goge ba. Yana da irinta, amma ya ce wurin ya yi laushi, kowace wucewa tana ƙara cin sa, don haka kada mu yi ta gwaji. Ya sake wanke faifan. Wannan karon ban leƙa ba, ban tambayi har yaushe ba.

Ya sauke allurar. Muka kasa kunne har aka zo wurin. Ƙarar tana nan, amma ta yi shara-shara, ana jin motsin murya a bayanta. Ya haɗe sautin dama da na hagu wuri ɗaya, ya ce waƙar iri ɗaya ce a duka biyun, ƙarar ce ta bambanta, in an haɗa su waƙa za ta ƙaru, ƙara ta ragu. Sannan ya faɗaɗa zanen a allo ya bi manyan ƙayoyin da hannu, a hankali, yana cire ɗaya ya saurara, in ya ji ya taɓa murya ya mayar. Shuuu ɗin bai taɓa shi ba ko kaɗan. Ya miƙo min abin kunne.

Wanda bai san sunan ba ba lallai ya kama shi ba. Ni na sani. Na ji mawaƙin ya ce Wudil, ya ja numfashi, ya kira mahaifina da sunansa na yanka, ya ja ƙarshen sunan kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Ba zan rubuta shi a nan ba, ni ma na gaji wani abu daga Inna. Na cire abin kunnen na fita waje na ɗan tsaya.

"Mu bar shi haka," in ji Injiniya da na dawo. "In muka ƙara gogewa, da shi za mu goge."

Ya sa min abu biyu a memorin. Na farko waƙar duka, da muryarsa a farkonta yana faɗar mai faifai. Na biyu ɗan guntun wurin nan kaɗai, don kada ta sha jira.

Inna ta manna rediyon a kunne, an ƙure murya. Da ƙarar ta taso ba ta yamutsa fuska ba, sai ma ta ƙara danna rediyon, kamar ta ga hanyar gidansu. Sunan ya wuce. Ta rufe ido. Ta daɗe haka kafin ta dubi bango.

"Wannan in an maimaita yana cinyewa?"

"Ba ya cinyewa, Inna. Ko sau nawa ne."

"To."

Abin da ta ce ke nan. Matata ta koya mata maɓallai biyu, na komawa farko da na wucewa gaba, ta ɗiga wa na komawa jan farce don ta gane shi. Tun daga ranar, da an yi la'asar sai sunan mahaifina ya cika tsakar gida. Ita a ganinta a hankali ta kunna, tunda da ƙyar take ji. Ba wanda ya gaya mata har maƙwabta na ji. Yara an ja musu kunne, kowa ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba a faɗi komai ba.

Wata rana na dawo daga aiki da wuri. Na jingina babur a zaure, ina cire takalmi, sai na ji muryar Injiniya daga cikin gida yana cewa wannan faifai na Malam wane ne ɗan Wudil. Kafin kukuma ta taso sai muryar ta katse, ta sake farawa. Na ce a raina tsohuwa ta rikice da maɓalli, bari in je in gyara mata. Har na ɗaga ƙafa sai na tsaya. Mai rikicewa ba ya jira a gama faɗar suna kafin ya danna. Ana kai ƙarshen sunana take mayarwa, daidai wurin, ba ta kuskure ko sau ɗaya. Na leƙa ta gefen ƙofa. Matata ta fita unguwa, yara suna makarantar allo. Ita kaɗai ce a gindin darbejiya, rediyo a kunne, babban yatsanta a kan jan farcen.

Na tsaya da takalmi a hannu, gemuna da furfura, ina jin ana kirana a gidanmu. Sannan na koma da baya har bakin titi, na mayar da takalmina, na shigo ina buga ƙofar zaure, na rangaɗa sallamar da sai da maƙwabcinmu ya amsa. Na ɗan jinkirta. Da na shiga tsakar gida kukuma ce ke tashi, mawaƙin yana gai da fataken wani gari.

Na durƙusa. Ta sauke rediyon ta dubi bango.

"An dawo?"

"An dawo, Inna."